LE ko XLE, lakadan ko bashi: yadda zaka yanke shawara kafin ka shiga wajen dillalan mota

Kwanakin baya ƙanina ya kirani da daddare, wai yaje ganin mota ya tarar da Camry guda biyu a fili ɗaya, duk 2013, duk Beljiyam, har kalar ma kusan ɗaya, amma tsakaninsu akwai tazarar kuɗi mai yawa saboda ɗaya LE ce, wato ƙaramin aji, ɗaya XLE, babban aji. Kuɗinsa sun isa LE ɗin har da ɗan canji, amma tunda ya zauna a cikin XLE ɗin yaji ƙamshin fata zuciyarsa ta tafi can, dillalin kuma ya fara ce masa Alhaji ai wannan ba matsala bace akwai bankin da zai cika maka sauran kana biya kaɗan kaɗan. Mun kusa awa ɗaya a waya, nace masa Allah ya baka haƙuri ka koma gida ka kwana tukun. Abinda na faɗa masa shi zan shimfiɗa anan dalla dalla, dan wallahi abin yana damuna yadda mutane ke ɗaurawa kansu bashin shekara uku saboda kujera da rufi.

Abu na farko, tun kafin ka taka ƙafarka wajen masu mota, ka zauna da biro da takarda. Ka rubuta duk abinda kake dashi, sai ka fara cirewa. Ka cire la'adar dillali, ka cire kuɗin lamba da takardu, ka cire inshora, ka cire sabis na farko wato juye da filta da man giya da birki, wani lokacin har batir da tayoyi domin motar Beljiyam da yawa zakaga tayar kamar sabuwa amma ta tsufa a ajiye, tana hawa kwaltar Zariya da rana tsaka sai ta fashe. Ni a nawa lissafin bana yarda mutum ya sayi mota ba tare da ya bar aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗinta a gefe ba saboda waɗannan abubuwan, banda kuɗin cefanen gida da na makarantar yara da bai kamata ka taɓa ba sam. Abinda ya rage bayan duk wannan cire ciren shine ainihin kuɗin motarka. Ka rubuta shi da manyan baƙi ka saka a aljihu.

Na biyu, ka fahimci me haruffan nan na bayan but suke nufi, domin da yawanmu muna biyan kuɗinsu bamu san me ke ciki ba. Mota ɗaya kamfani yakan fitar da ita aji aji. A Camry ta 2012 zuwa 2014 da ake shigowa da ita daga Amurka akwai L, sai LE, sai SE, sai XLE. LE itace ta gama gari, kujerun yadi, rim na ƙarfe mai murfi inci 16. SE ita aka yiwa kwalliyar matasa, rim aloi inci 17, ƙafafunta sun fi tauri dan a ji daɗin kwana. XLE itace babbar yaya, rufin sama mai buɗewa, AC mai raba sanyi hagu da dama, mafitar sanyi a baya, wasu da fata. Toh amma ga abinda dillali bazai tsaya ya faɗa maka ba, in duk silinda huɗu ne to injin ɗaya ne a cikinsu, 2.5 ne, giya ɗaya, gangar jiki ɗaya. Inda bambanci na gaske yake shine SE da XLE wasunsu suna zuwa da V6, wato inji mai silinda shida, mai 3.5. A Honda Accord ta 2013 zuwa 2017 kuma LX ce ƙarama, sai Sport, EX, EX-L, Touring, kuma L ɗin nan na EX-L fata kawai yake nufi. Masu silinda huɗu otomatik ɗinsu giyar CVT ce, wato wadda bata da hawa hawa, V6 kuma giyar da muka saba da ita mai hawa shida. Corolla ta 2014 ma akwai abin lura, ƙaramar wato L otomatik ɗinta tsohuwar giya ce mai hawa huɗu wadda kowane bakanike ya santa, LE kuma CVT ce mai neman nata man giyar na musamman. Kaga kenan wani lokacin ƙaramin aji shine yafi sauƙin riƙo, ba kullum bane na sama yafi.

Na uku shine inda nake so ka ɗan daɗe. Ka ɗauki duk abinda babbar take dashi wanda ƙaramar bata dashi, ka tambayi kanka wannan yana kare raina ne, ko yana cin aljihuna duk wata, ko ido kawai yake burgewa.

Masu kare rai bana wasa dasu. Jakar iska, birkin ABS, da na'urar nan mai hana mota sulɓewa a kwana wadda Toyota ke kira VSC. Daga ƙirar 2012 dokar Amurka ta wajabta wannan na'urar a kan duk ƙananan motoci, dan haka ko LE ko XLE duk suna da ita, amma in motar ta girmi haka kamar Camry ɗin da ake kira Muscle ta 2007 zuwa 2009 to sai ka duba domin wasu suna da ita wasu babu. Kyamarar baya ma sai a Mayun 2018 ta zama dole a can, a tsofaffi ta danganta da aji, saidai ita wannan ana iya saka maka a gari da kuɗi kaɗan, bata kai a ci bashi dominta ba.

Masu cin aljihu kuma, na gaba gaba V6. Mota ce mai daɗin tuƙi ba ƙarya, ƙarfin doki 268 akan 178 na silinda huɗu, in kana yawan hanyar Kaduna zuwa Abuja zakaji bambanci wajen wuce manyan motoci. Amma a cikin gari tana shan kusan lita 2 fiye da ƙaramar a duk kilomita 100, wannan ma a lissafin can ne inda ba cunkoson Kofar Nassarawa da AC a kunne. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lokacin lita bata kai naira 200 ba a farashin gwamnati, ba wanda yake damuwa da wannan, amma tunda mukaga lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024 lissafi ya canza, har wajen sayarwa zakaga masu tayi suna ja da baya in sukaji V6 ce. Bayan wannan sai babban rim da siririyar taya, kyau kam akwai shi amma ramin titi ɗaya zai iya kumbura maka taya ya lanƙwasa rim, kuma tayar tafi tsada. In unguwarku ba kwalta, ko kana zuwa ƙauye duk sati, rim 16 mai taya mai kauri yafi maka kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Sai makullin rimot na danna ka tashi, ranar da ya ɓata ko ya faɗa ruwa zakaji kuɗin yin wani. Sai rufi mai buɗewa, wanda a garinmu wata nawa ne ma zaka iya buɗe shi, da rani rana ta hana, da hunturu ƙura ta hana, kuma ƙurar nan ce take toshe ƴan bututun da ruwa ke bi, damina na zuwa sai kaga silin ya jiƙe.

Kujerar fata kam kowa yasan yadda take in ka ajiye mota a rana a watan Afrilu, sai ka jira kafin ka iya zama, kuma in bata samun kula tsagewa take. Amfaninta ɗaya da na yarda dashi shine mai ƙananan yara, in sun zubar da abu gogewa kawai zakayi. Kujera mai ɗumama jiki kuwa an yi ta ne dan masu dusar ƙanƙara. Abinda ni nake ganin ya cancanci ƙarin kuɗi a babban aji a ƙasarmu shine mafitar AC ta baya in kana ɗaukar iyali, da kujerar direba mai lantarki in kana da ciwon baya ko kuna karɓa karɓar tuƙi kai da uwargida. In kazo ƙarshen lissafin nan kaga abubuwan da suka dameka da gaske guda ɗaya ne ko biyu, to ka tambayi kanka ko sun kai tazarar kuɗin da ake nema.

Na huɗu, ka tabbatar ajin da aka ce maka shine gaskiya. Tambarin XLE ana sayar dashi a Kofar Ruwa da Panteka da Apo, manna shi minti biyu ne, fata ma ana ɗinkawa a gari, fuskar mota ma ana canzawa a mayar da tsohuwa kamar sabuwar ƙira. Abinda baya ƙarya shine lambar shasi wato VIN, baƙi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba kuma tana jikin sitika a bakin ƙofar direba, ka duba dukansu su zama iri ɗaya da na takarda. Baƙi na 10 shine shekarar ƙira, A 2010 ce, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, haka dai, daga 2001 zuwa 2009 kuma lamba ce kamar 8 tana nufin 2008. Ka saka lambar gaba ɗaya a Google, sau da yawa in motar ta fito daga gwanjon Copart ko IAA na Amurka ne hotunanta na lokacin da take a buge zasu fito, kaga irin dukan da ta sha da idonka, ko ma kaga ambaliya ce ta cinyeta. Rahoton Carfax ma ana saye ya nuna maka maleji na gaskiya da tarihin haɗari. Sannan kazo da bakanikenka na kanka, ba wanda dillali ya kira ba, da mai na'urar sikanin, a duba ko an cire indomi, wato matatar hayaƙin dake cikin salansa, a duba ko jakar iska na nan ko an rufe wajen ne kawai, ka kunna makulli kaga wutar cek da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan mota ta tashi, in basu kama ba kwata kwata to wani ya taɓa su. Wannan wajen yana da muhimmanci ga batun aji domin babbar mota da tasha ruwa masifa ce, yawan kayan wutarta shine yawan abinda zai dinga lalacewa ɗaya bayan ɗaya. LE mai lafiya fenti na farko tafi XLE da aka tayar daga haɗari ko da kuɗinsu ɗaya ne.

Takardar kwastan ma ka kaita ofishinsu a tantance kafin ka biya, a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, shi yasa ƴar Kwatano da yawa matsalarta a takarda take, kuma banki ma bazai saka kuɗinsa akan motar da dutinta bai cika ba.

Yanzu sai maganar biya. In kuɗin da ka rubuta a takardar nan tun farko sun isa mota mai lafiya ko da ƙaramin aji ce, ni dai shawarata ka biya lakadan ka wuce wajen. Mai kuɗi a hannu shi ke da bakin ciniki, in akace albarka ka juya ka tafi zakaji an kiraka kafin ka kai titi, takardunka na asali suna hannunka, makulli biyu suna hannunka, ranar da wata larura ta taso zaka iya sayarwa ba sai ka nemi izinin kowa ba.

Ga dalilin da yasa nake tsoron bashi a lambobi. A ce motar miliyan 12 ce, ka bada miliyan 6 kafin alƙalami, banki ya cika miliyan 6 na shekara uku. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bada rance, dan haka mu ɗauka ance maka kashi 30 a shekara akan abinda ya rage na bashin. Duk wata zaka biya wajen naira 254,700, a wata 36 ya kama miliyan 9 da dubu 170 kusan, kaga ƙarin sama da miliyan 3 kenan. Toh ga tarkon da mutane da yawa ke faɗawa, wani zai ce maka nasa kashi 20 ne kacal, kaji kamar ya fi sauƙi, ashe nasa akan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafawa duk shekara ko da ka biya rabi, wato miliyan 1.2 sau uku, miliyan 3.6, jimla miliyan 9.6, duk wata naira 266,667. Kaga mai kashi 20 ɗin ya fi mai kashi 30 tsada. Shi yasa kada ka tsaya sauraron kashi kaza, kace ranka ya daɗe a rubuta min jimlar abinda zai fita daga aljihuna daga yau har ranar ƙarshe, da kuɗin fom da na gudanarwa da na tiraka da komai.

Sannan inshora. Mai lakadan zai iya tsayawa akan ƙaramar inshorar da doka ta wajabta wadda hukumar inshora ta ƙasa NAICOM ta mayar naira 15,000 daga Janairun 2023, amma motar bashi sai an mata cikakkiya, ita kuma ƙa'idarta bata gaza kashi 5 na darajar motar ba, akan miliyan 12 naira 600,000 kenan a shekarar farko, kuma duk shekara sai an sabunta har bashin ya ƙare. Duk ƙarin da kayi wajen hawa aji, inshorar ma tana hawa dashi. Kuma ka sani tun 2020 akwai tsarin GSI, in ka kasa biya banki na iya bin BVN ɗinka ya ɗebi kuɗi a asusunka na wasu bankunan.

Ga mu Musulmi kuma kafin ma a zo lissafi akwai maganar riba, kuɗin ruwa ba abin wasa bane. Alhamdulillahi yanzu akwai bankunan da basa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, da The Alternative Bank. Hanya biyu aka fi bi wajen mota. Murabaha, banki ya sayi motar ta zama tasa sannan ya sayar maka da ribar da kuka amince, farashin a tsaye yake baya hawa ko da abubuwa sun canza. Sai Ijara, motar tana hannun banki a matsayin mallakarsa kana biyan haya har a ƙarshe ta dawo taka. Ka tambaya da kyau shin banki zai mallaki motar kafin ya sayar min ko kuɗi kawai za'a tura, me zai faru in na makara wata ɗaya, in na samu kuɗi na biya gaba ɗaya kafin lokaci za'a rage min wani abu, inshorar takaful ce, wato ta tsarin Musulunci, ko kuwa, sannan ka kai takardar wajen malamin da ka yarda dashi ya duba maka. Amma dan Allah kada ka ɗauka tunda halal ne to araha ne, ribar da zasu ɗora itama kuɗi ce mai kauri, jimlar nan dai ita zaka nema a rubuce.

In ma'aikaci ne kai, ka fara leƙa kofaretib ɗin wajen aikinku kafin banki, galibi nasu yafi sauƙi kuma kuɗinku ne ke juyawa. Adashe ma hanya ce, wata shida ko takwas na haƙuri zai iya cike maka giɓin ba tare da kowa ya riƙe takardunka ba. Biya kaɗan kaɗan a hannun dillali kuwa ka yi hattara sosai, su kan riƙe takardun asali da makulli ɗaya, in ka saɓa alkawari a ɗauke motar, dan haka komai a rubuce gaban shaidu, har da abinda zai faru da kuɗin da ka riga ka biya in ciniki ya warware.

Yaushe ne bashin yake da ma'ana? In motar zata nemo kuɗi da kanta, haya ko kai kaya ko aikin da sai da mota, kuma abinda take kawowa bayan mai da gyara ya ninka biyan watan. Ko kuɗinka basu isa mota mai lafiya ba sam sai ruɓaɓɓiya, kuma kuɗin adaidaita da tasi na iyali duk wata ya kusa biyan da za'a nema. Ko ɗan kasuwa ne kai wanda in ka zare miliyan 6 daga jari shagon zai durƙushe. Wasu zasu kawo hujjar faɗuwar naira, cewa wanda ya ɗauki mota a tsayayyen farashi kafin Yunin 2023 ya ci riba domin dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024 kuma motoci suka bita, gaskiya ne hakan ta faru, amma albashinka bai bi dala ba, kuma biyan wata baya jiran uzuri. Ko a waɗannan halayen ma biyan watan kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abinda ke shigo maka, ni ma nafi son ƙasa da haka domin mai da juye suna nan suna jira, ka bada kafin alƙalami mai yawa, ka zaɓi wa'adi mafi gajarta da zaka iya, kuma ka ɗauki ƙaramin aji. Cin bashi dan a samu abin hawa ina fahimtarsa, amma cin bashin miliyan biyu da rabi wanda zai koma kusan miliyan huɗu saboda fata da rufi, wannan kam bazan taɓa baka shawararsa ba, ballantana ranar sayarwa tazarar dake tsakanin LE da XLE bata kai wadda ka biya ba domin mai saye lafiyar inji da jiki yake dubawa.

Ranar biya kada ka ɗauki tsabar kuɗi a jaka, ka tura ta banki zuwa asusun mai sunan dake kan takarda ko na kamfanin, ka rubuta lambar shasi a bayanin turawar. Ka karɓi rasit, da takardar yarjejeniyar saye mai sa hannun shaidu biyu, da takardun kwastan na asali, in ta gida ce wadda aka hau to harda takardar canjin mallaka da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Ka ƙirga makullai, ka duba safaya da jak da sifana suna but. La'ada kuma ku yanke ta tun kafin a sallama, kowa yasan wa zai biya nawa. Daga nan kada ka wuce gida nuna mota, ka wuce gareji kai tsaye a juye baƙin mai a canza filta a duba ruwan lagireto da birki, ka rubuta malejin ranar a ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota dan kasan lokacin juye na gaba.